Kaifin hadda gado ne, ko kowa da ƙoƙarinsa?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekara ta biyu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shekaruna 22. Ni da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya muke, makarantar allo ɗaya muka yi. Shi ya haddace Alƙur'ani tun bai yi jarrabawar BEPC ta gama kolej ba, lambar waya in ya ji sau ɗaya ta zauna. Ni kuwa sai in kwana ina maimaita darasi, in shiga ɗakin jarrabawa rabi ya tsere. Kakarmu kullum cewa take kan kakansa ya ɗauko, domin mahaifin innarmu alaramma ne a Tibiri. Maganar tana ci mini rai. Da gaske ana gadon ƙwaƙwalwa? In ana gado, yaya 'ya'yan mutum ɗaya suka bambanta haka?

Mushe Lawali:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ilimin halittu nake koyarwa a lise, kuma kusan kowace shekara sai ɗalibi ya yi mini wannan tambaya. Kakarku tana da gaskiya, amma ba duka ba.

Kowane yaro yana karɓar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa, rabi daga uba, sai dai ba rabi ɗaya ake ba kowa ba. Kai da ƙanenka kun haɗu a kan kimanin kashi 50 cikin 100 na abin da ke bambanta mutane, sauran kowa da nasa. Tagwaye masu kama ɗaya ne kawai suke haɗuwa a kusan duka, shi ya sa masana suka daɗe suna gwada su da tagwayen da ba su yi kama ba. Abin da suka gani shi ne tasirin gado a kan basira yana ƙaruwa da shekaru: wajen kashi 20 a jarirai, 40 a yara, 60 a manya. Ka kula da kyau a nan. Ba ana cewa kashi 60 na kanka gado ne ba. Lissafin yana magana ne a kan bambancin da ke tsakanin mutanen da aka auna, kuma yawancinsu 'yan Turai da Amurka ne, masu ƙoshi, masu zuwa lakwal. Ko a Amurkan, binciken Eric Turkheimer na 2003 ya samu cewa a gidajen talakawa yanayin rayuwa ya fi gado nauyi nesa ba kusa ba.

Abu na biyu, babu wata ƙwayar gado guda da za a nuna a ce ita ce ta hadda. A 2018 an duba mutum miliyan 1.1, aka gano wurare 1,271 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da nisan karatu, kowane da tasiri ɗan mitsitsi. Duk da aka tara su, kashi 11 zuwa 13 kawai na bambancin suka bayyana. Kuma awon yana raunana sosai in aka gwada shi a kan 'yan asalin Afirka.

Gardi Na Tibiri:
Ɗan uwa, na ga masu kai iri-iri a tsangaya. Akwai mai ɗauka da wuri ya zubar da wuri, akwai wanda sai ya wanke allo ya sake rubutawa, amma in ta zauna ta zauna. Ka tambayi ƙanenka sau nawa yake tishi a mako. Kwana kana karatu daren jarrabawa ba hadda ba ce. Mu kaɗan muke ɗauka da asuba, mu koma mata da yamma, mu sake waiwayarta bayan kwanaki.

Maman Hafsa:
Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, kuma akwai gadon da ba ku ambata ba, wanda nake gani da idona: sikila. Yaron da ya gaji SS jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa kan toshe ba tare da an ga alamar shanyewar jiki ba, kuma hakan yana samun kimanin kashi ɗaya cikin uku kafin su girma. Sai dai a ga yana mantuwa, ya kasa natsuwa a aji, a dinga dukansa ana ce masa daƙiƙi. Wannan abu yana ƙona mini rai. Mai AS ba ya cikin wannan.

Sannan ga abin da ba gado ba ne amma yake kama da gado, tunda gida ɗaya yake shiga. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana barin rauni ga kusan yaro ɗaya cikin huɗu da suka tsira. Ƙarancin jini, tamowa, da gishiri marar aidin duk suna taɓa kai. Maƙwabtanmu na Zamfara ma sun gani a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400, wasu da suka rayu kuma ta lalata musu ƙwaƙwalwa. Ɗana, in mantuwar tana zuwa da kasala ko jiri, je ka auna jini, ka kuma san ko AA kake, ko AS, ko SS tun kafin maganar aure ta taso.

Ɗan Bagalam:
Na gode Mushe, na gode Malam. Mama, innarmu ta ce na yi zazzaɓi mai tsanani har da suma ina ƙarami. Wane awo zan nema in na je asibiti, kuma likitan wane fanni ya kamata in gani?