Dan Allah a taimaka, me za mu kira garin da hedikwatar kamfani take?

Mai Shirin Safe:
Assalamu alaikum jama'a. Agaji nake nema cikin gaggawa, gobe ƙarfe bakwai na safe zan shiga gabatar da shiri kuma har yanzu kalmomi biyu sun maƙale min. Shirin tattalin arziki ne, a kan yadda manyan kamfanoni ke zama da mutanen garin da babban ofishinsu yake. Misalin da na ɗauko Cummins ne, masu injin dizal ɗin nan da muke ganin sunansu a jikin manyan janareta. Hedikwatarsu tana wani ƙaramin gari Columbus a jihar Indiana ta Amurka, mutanen garin gaba ɗaya kimanin dubu 50 ne. Tun wajen 1957 gidauniyar kamfanin ta ce in garin zai gina makaranta su za su biya kuɗin mai zanen ginin, sharaɗin kawai a zaɓi gwani cikin sunayen da aka gabatar, daga baya abin ya haɗa da ofisoshin kashe gobara da sauran gine-ginen hukuma, har ta kai yanzu mutane takanas suke zuwa garin kallon gine-gine. Kalma ta farko host city, ta biyu visitor centre, wato wurin da kamfani ke ware wa jama'a su shigo su gani. Na rubuta "gari mai masaukin baƙi" amma sai nake jin kamar labarin wasanni nake karantawa.

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Ai mai masaukin baƙin ya zauna a kunnen mutane, haka aka riƙa cewa da Katar a 2022. Bar shi haka ka je ka kwanta.

Malamar Hausa:
A'a Bakatsine, gasar kofin duniya wata ɗaya ce, a ci a watse. Cummins kuwa a Columbus ɗin aka kafa shi a 1919, ya haura shekara ɗari a wurin, wane irin baƙo ne wannan? Hausawa suka ce baƙo raɓa ɗan gari kaba. In ka kira garin mai masauki ka mai da kamfanin raɓa kenan, kuma mai sauraro zai ɗauka duk abin da ya yi wa garin tukuici ne na baƙo mai kirki, ba wani abu da ya hau kansa ba. Ni da "mazaunin kamfani" zan ce. Na biyun kuma zauren baƙi.

Ɗan Damagaram:
Malama ta yi daidai. Mu nan da Faransanci siège ake ce wa hedikwata, ma'anarsa ta asali kujera ko mazauni. Sai dai fa ga matsala, in mazauni ya zama garin, to shi ginin me za a ce masa? Mu cibiya muke cewa.

Baba Tsohon Edita:
Kafin a je ga gari, yarona, gyara bakinka tukuna. Hedikwata ba Hausa ba ce. Turanci ne aka sa wa hula. Wannan ya ce hedikwata, wancan helkwata, wani shalkwata, kalma ɗaya rubutu uku, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba ta da gindin zama. Na daɗe ina cewa a kira ta FADAR KAMFANI. Duba ka gani: fada nan shugaba yake, nan ake yanke hukunci, nan 'yan majalisa ke zama, kuma abin da ya fi muhimmanci ga shirinka, fada tana da ƙofa da fili a gabanta inda talaka ke zuwa ya zauna ya kai kuka, a yi hawa ya yi kallo. Abin da Turawan ke ta fafutukar ƙirƙira kenan da sunan buɗe hedikwata ga jama'a, mu mun gaje shi. In ka ce fadar kamfani ka gama, garin kuma ya zama garin fada.

Bakatsine:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma shi kamfanin Hausa ne? Da ofis da edita fa? hhh

Baba Tsohon Edita:
Kamfani ya daɗe ya zama ɗan gida tun zamanin cinikin gyaɗa, kakanninmu sun faɗe shi. Aro ba laifi ba ne in babu naka. Laifin shi ne ka ari riga alhali taka tana cikin akwati.

'Yar Tudun Wada:
Baba ka yi haƙuri amma wlh in na ji fadar kamfani a rediyo tunanina zai tafi kan wani basarake ne da ya buɗe kamfani. Kuma fadar ma ai tana da masu ita, fadar shugaban ƙasa, fadar White House, fadar Vatican, duk wuraren mulki ne. Yanzu kuma mu ɗauki sarauta mu naɗa wa masu sayar da lemo da waya?? Ni zauren baƙin Malama ne ya burge ni. Ku duba Apple, sun gina ƙaton ginin nan mai kama da zobe a Cupertino, ma'aikata suka fara shiga a 2017, amma kai da ba ma'aikaci ba ba ka isa ka taka ciki ba, sai suka yi wani gini daban a tsallaken titi, akwai kanti da wurin shan kofi da saman bene inda za ka tsaya ka hango zoben daga nesa. Wannan ai zaure ne sak, a shimfiɗa maka tabarma a kawo ruwa, cikin gida kuwa ba shiga.

Malamar Hausa:
Kin gane kenan. Kuma zaure iri-iri ne. BMW Welt da ke Munich a Jamus, wanda aka buɗe a 2007 kusa da dogon ginin hedikwatarsu, kyauta ake shiga, kowa ya ga dama ya je ya zaga. Na Amazon a Seattle kuwa, ƙwallayen gilashin nan uku da aka cika da tsirrai aka buɗe a 2018, na ma'aikata ne, jama'ar gari sai sun yi rajista kuma wasu ranakun Asabar kawai. Duk zaure ne, bambancin wani maigidan mai sakin fuska ne wani kuma sai an yi sallama sau uku.

Ɗan Zangon Kumasi:
Salamu alaikum 'yan uwa, na zo a makare. Ni fa a batun garin ZANGO zan ce. Kar ku yi dariya. Zango inda ayari ke sauka ne a sauke kaya a yi ciniki, garin ya amfana, ran da hanya ta yi kira a ɗaura kaya a tashi. Boeing a Seattle aka kafa shi a 1916, a 2001 ya kwashe hedikwatarsa ya koma Chicago, a 2022 kuma ya ce ya koma Arlington kusa da Washington. Wannan kaba ne ko raɓa, Malama?

Malamar Hausa:
Ka kama ni a nan. Amma ku da kuke zangon Kumasi yau shekara nawa, kun tashi?

Ɗan Zangon Kumasi:
Mu ai mun zama kaba, sunan ne kawai ya rage hhh

Baba Tsohon Edita:
Kun gani ko. Duk wannan yawon da kun karɓi fada da ba a yi shi ba. Matsalarku 'yan zamani in kalma ta fito daga gidan rediyon Landan ko Jamus sai ku karɓa hannu bibbiyu, in ta fito daga bakin tsoho a nan gida sai a ce ƙauyanci ne. Su waɗancan ɗin su wa suka koya musu Hausar?

Bakatsine:
Baba ba wanda ya ce ƙauyanci. Amma tunda an zo nan, ku Kanawa ku ma haka kuke mana, duk abin da ba a faɗa a Kano ba sai ku ce ba daidaitacciyar Hausa ba ce, alhali kowa ya san inda Hausar take.

Ɗan Damagaram:
To fa. Mu da kullum ake ce wa Hausarmu ta Nijar ce kamar wata baƙuwa, mu ce me? Ku ce ofis mu ce biro, ku ce mota mu ce mato, kowa da wanda ya mulke shi, ba wanda ya fi wani tsarki.

Mai Shirin Safe:
Jama'a dan girman Allah ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Rigimar Kano da Katsina ba za ta ƙare yau ba. Ga wata ma ta uku da na tarar a ƙarshen rubutun, abin da suke taƙaitawa da CSR, ayyukan da kamfani ke yi wa al'umma. Na sa "tallafin kamfani ga al'umma". Ya yi?

'Yar Tudun Wada:
Tallafi kuma? Yanzu in ka ce tallafi ai buhun shinkafa da layi mutane za su gani, ko tallafin mai. Kuma kalmar tana wanke kamfani da yawa. A watan Mayun 2018 majalisar birnin Seattle ta sa wa manyan kamfanoni harajin dala 275 a kan kowane ma'aikaci a shekara don a samar wa marasa muhalli gidaje, saboda kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, tun ana muhawarar harajin Amazon ya dakatar da shirin wani gini da zai yi a birnin don nuna adawa, kafin wata ɗaya ya cika aka soke harajin. Shekarar da suka buɗe lambun gilashin kenan fa. To wanda ya buɗe maka zaure ka sha iska amma ya ƙi a karɓi kuɗin gyaran unguwa, shi ne za mu ce yana tallafi?

Malamar Hausa:
Shi ya sa nake son HAƘƘIN MAƘWABTAKA. Duk Bahaushe ya san haƙƙin maƙwabci ba alfarma ba ce, abu ne da za a tambaye ka. Motocin ma'aikatanka sun cushe titi, zuwanka ya ɗaga kuɗin haya, ruwa da wutar garin kake sha, to akwai haƙƙi. Abin da Cummins ya yi ma ba sadaka ba ce zalla, in makarantun garin ba su da kyau wane injiniya ne zai yarda ya kwaso iyalinsa ya dawo ƙaramin gari?

Bakatsine:
Malama kin kai shi masallaci. Abin nan ganin dama ne a wurinsu, ba doka ba. In kin ce haƙƙi kin ƙara gishirin da babu a asalin maganar, fassara aka ce a yi ba wa'azi ba. Inda ya zama dole shi ne irin dokar man fetur ta 2021 a nan Najeriya da ta wajabta wa kamfanonin haƙar mai ware kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da ayyukansu ga al'ummomin yankin. Kuma ku lura a labarai ba a ce musu masu masauki ba, cewa aka yi al'ummomin da ake haƙo mai a yankunansu, doguwa ce amma kowa ya gane.

Malamar Hausa:
Kalmar ƙarshen Turancin CSR ɗin ma, responsibility, nauyi take nufi, ba ganin dama ba. Amma na yarda a ce "nauyin al'umma da ke kan kamfani" in haƙƙi ya yi maka zafi.

Mai Shirin Safe:
To ga abin da zan shiga da shi. Zauren baƙi na karɓa, ba wanda ya yi musu a kansa. Garin kuma a farko zan ce "garin da hedikwatar kamfanin take", daga nan sai in riƙa cewa mazaunin kamfanin. Zango zan ajiye shi wa sakin layin Boeing don wlh ya dace da su. Na ukun ban gamsu ba, haƙƙin maƙwabtaka ya fi daɗi a baki, nauyin al'umma ya fi kusa da asali, zan faɗi na farkon sau ɗaya in ga ko masu kiran waya za su kama. Baba a gafarce ni, hedikwata zan ce.

Baba Tsohon Edita:
Ka ce duk abin da ka ga dama yarona, shirinka ne. Amma tunda kun yarda da zaure, ku faɗa min zauren wane gida ne. A wace tasha ce ma, kuma ƙarfe nawa ka ce?

Mai Shirin Safe:
Bakwai daidai Baba, bayan labarai. Na tura maka ta waya.