Abin da dattawa suka ce kan tsofaffin babura

Hirar da na ji dattawa suna yi kan tsofaffin babura ta fi tsayawa a kan Vespa, babur ɗin kamfanin Piaggio na Italiya da ya fara fitowa a 1946, wanda malamai da alhazai suka yi yayi a Kano da Zariya. Shawarar masu ita: kada ka zuba mata fetur zalla. Injinta na bukatar a gauraya masa baƙin mai a cikin fetur, in ba haka ba, zai buga. Giyarta a hannun hagu take, sai an saba. Kuma kafin ka biya kuɗi, kwantar da ita ka duba ƙarƙashi, domin jikinta shi ne ƙashin bayanta. In tsatsa ta cinye shi, fenti ba ya maganinsa.

Wasu suka ce Honda CG125 ta 1975 ta fi ta sauƙin riƙo, kuma ni ma nan na karkata. Bakanike ko na ƙauye ya san cikinta.

Babur ɗin da ya daɗe a ajiye kuwa, a wanke tanki da kafireta, a sauya fulogi da tayoyi, ko da zanensu bai goge ba.