Tambaya: Me ya sa aka dakatar da Mind Your Language alhali yana tsakiyar tashensa?

Auwalu Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure game da shirin barkwancin nan na Ingila, Mind Your Language, wanda Mista Brown yake koya wa baƙi 'yan ƙasashe daban-daban Turanci a makarantar dare. Mu a faifai da YouTube muka riske shi, shi ya sa tarihinsa ya cakuɗe mana. Wasu na cewa ya shekara goma ana haska shi a Ingila, wasu kuma na cewa duka-duka bai kai kashi hamsin ba. Na kuma ji cewa ba rashin masu kallo ne ya sa aka tsayar da shi ba. Yaushe aka fara nuna shi, zango nawa ya yi, wane ne ya dakatar da shi, kuma me ya sa ake maganar zango na huɗu amma ba a ganin sa a cikin faya-fayan da ake sayarwa?

Malam Sabo Tudun Wada ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Auwalu. Masu cewa bai kai kashi hamsin ba su ne suke da gaskiya. Kashi 42 ne gaba ɗaya, kuma 29 daga ciki ne kawai kamfanin da ya ƙirƙire shi ya shirya.

Kafin a gane yadda abin ya kasance, sai an san yadda talabijin take a Birtaniya a wancan zamani. A 1977 tashoshi uku ne kacal a ƙasar: BBC1, BBC2 da ITV. Ita ITV ba kamfani ɗaya ba ce, gamayyar kamfanoni ce, kowanne da yankin da aka ba shi lasisi. Granada tana Manchester, Anglia tana gabashin ƙasar, ita kuwa Landan an raba ta gida biyu: kamfanin Thames yana riƙe da ranakun aiki, London Weekend Television, wadda ake taƙaitawa LWT, tana karɓa daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi. LWT ce ta shirya Mind Your Language. Vince Powell ne ya rubuta shi, Stuart Allen ya ba da umarni, Barry Evans ya fito a matsayin Mista Jeremy Brown, Zara Nutley kuma ta fito a shugabar makaranta, Miss Courtney, wadda tun ranar farko ta nuna masa cewa mace ta so a turo mata, kuma gwaji kawai ta ɗauke shi.

An haska kashi na farko ranar Juma'a 30 ga Disamba 1977, zangon ya ci gaba kowane mako har zuwa Maris 1978, kashi 13. Zango na biyu ya zo a watan Oktoba 1978 da kashi 8, aka kuma matsar da shi zuwa daren Asabar. A nan ne aka ƙaro ɗalibai biyu, Ingrid 'yar Suwidin da Zoltan ɗan Hungari. Wata dabara da marubucin ya yi ta ba ni dariya: zango na farko ya ƙare da jarrabawa, to da ɗaliban sun ci ai shirin ya mutu ke nan, sai aka buɗe na biyu da labarin cewa sun faɗi, kowa ya dawo kujerarsa.

Zango na uku ya faɗo a wani lokaci mai wuya. Ma'aikatan ITV sun shiga yajin aiki daga watan Agusta zuwa ƙarshen Oktoba 1979, tashar ta yi makonni kusan goma sha ɗaya a rufe a yawancin ƙasar. Tana dawowa, cikin 'yan kwanaki aka sa Mind Your Language, wanda hakan ya nuna cewa yana cikin shirye-shiryen da ake dogara da su wajen jawo masu kallo. Kashi 8 aka yi, na ƙarshe ya fita ranar 15 ga Disamba 1979. Ka ga ke nan rayuwarsa a hannun LWT ba ta cika shekara biyu ba.

Wanda ya dakatar da shi kuwa shi ne Michael Grade, babban jami'in shirye-shirye na LWT a lokacin, mutumin da daga baya ya shugabanci BBC1 da Channel 4. A ganiyar shirin ana lissafa masu kallonsa da kimanin miliyan 18, saboda haka ba kasuwa ce ta ƙi ba. Grade ya ga cewa barkwancin ya dogara kacokan kan yi wa kowace al'umma tambari guda, kuma hakan cin fuska ne ga baƙin da ke zaune a ƙasar. Daga baya ma ya fito fili ya ce bai kamata a yi shirin ba.

Hajiya Talatu Unguwar Rimi ta amsa:

Malam Sabo, Allah Ya saka da alheri. Abin da ya sa yaranmu suke zaton shirin ya shekara goma shi ne yadda muka kalle shi a nan. Gidajen talabijin na Nijeriya sun sayo shi sun yi ta maimaitawa, kuma a lokacin tasha ba ta buɗewa sai da la'asar, ta rufe da taken ƙasa da dare, ba ka da wata tashar da za ka juya. Idan an kai ƙarshe sai a koma farko ba tare da sanarwa ba. Mai kallo ba ya lissafin zango, shi dai ya san cewa Jamila tana zaune tana saƙa, Taro zai miƙe ya rusuna kafin ya yi magana, Su-Lee za ta ɗaga jan littafinta na Mao, Giovanni da Max za su yi rigima kan wanda zai zauna kusa da Danielle, Ali da Ranjeet kuma ba za a tashi aji ba sai an raba su. Kashi 29 idan aka juya su sau da yawa, sai su zauna a ƙwaƙwalwa tamkar ɗari biyu.

Ba mu kaɗai ba ne. An nuna shi a Ghana, Kenya, Indiya, Pakistan, Siri Lanka, Malesiya da Singafo, kuma ƙasashe da dama sun yi nasu samfurin. A nan NTA ta yi Second Chance, ajin yaƙi da jahilci na manya, inda Madam Kofo ta yi suna da ƙaton ɗaurin ɗankwalinta. Indiya ta yi Zabaan Sambhalke a 1993, Pankaj Kapur yana koyar da Hindi, Amurka kuma ta yi What a Country! a 1986.

Amma ni ban gamsu da hujjar Grade ba. Mu da aka ce ana ci wa irinmu fuska, mu ne muka fi kowa son shirin. Duk wanda ya zauna ajin Turanci yana tauna harshe ya ga kansa a cikin ɗaliban nan, kuma sau da yawa malamin da shugabar makarantar ne suke kwasar kunya, ba su ba. Mu ma ai muna da irin wannan raha: Samanja a NTA Kaduna da gurɓataccen Turancin soja ya yi suna, New Masquerade kuma kowace ƙabila tana da wakilinta da ake yi wa dariya. Bafulatani da Babarbare suna tsokanar juna tun kaka da kakanni, haka Bakano da Bazazzagi, ba wanda ya ce a hana.

Dakta Bature Gombe ya amsa:

Hajiya, ina girmama ra'ayinki, amma ina ganin misalin wasan Fulani da Barebari bai hau ba. Wannan wasa ne tsakanin mutane biyu da kowannensu yake da gida da sarauta da bakin ramawa, kuma idan an gama a ci abinci a kwano ɗaya. Wanda ya kalli shirin a Kaduna ko Lahore yana cikin ƙasarsa, kowa a unguwarsu irinsa ne, ya yi dariya ya kwanta. Yaro ɗan Pakistan da ke makaranta a Birmingham kuwa, shi ne zai shiga aji ranar Litinin ya tarar 'yan ajinsu suna kwaikwayon muryar Ali suna nuna shi.

A duba kuma shekarun da aka haska shi. A 1972 Idi Amin ya kori 'yan asalin Asiya daga Uganda, dubun-dubatarsu suka sauka Birtaniya. A 1976 aka yi sabuwar dokar hana wariyar launin fata. A watan Agusta 1977, watanni kaɗan kafin shirin ya fara, an yi ƙazamar arangama a unguwar Lewisham ta Landan lokacin da jam'iyyar National Front mai ƙyamar baƙi ta yi maci. A Afrilu 1979 aka sake yi a Southall, unguwar Landan da 'yan Punjab suka fi yawa, inda wani malamin makaranta, Blair Peach, ya rasa ransa. A cikin wannan yanayi ne ake nuna wa mutum miliyan 18 baƙo a matsayin wanda shekara ta zagayo bai koyi komai ba. Shi kansa Vince Powell yana cikin waɗanda suka ƙirƙiri Love Thy Neighbour na kamfanin Thames, wanda aka yi daga 1972 zuwa 1976 kan rikicin maƙwabta, Bature da baƙar fata, kuma shi ma ya sha irin wannan suka.

Inda nake tare da ke shi ne maganar 'yan wasan. A wancan lokaci da wuya ɗan Asiya ya sami fitowa kowane mako a shirin daren Asabar, kuma soke shirin bai sa an ba su wani abin da ya fi shi ba, aikin ne kawai ya tsaya. Wasunsu, irin su Françoise Pascal da ta fito a Danielle, sun ci gaba da kare shirin har bayan shekaru masu yawa. Wani abin lura kuma, yawancinsu ba 'yan ƙasar da suka wakilta ba ne: Dino Shafeek da ya fito a Ali ɗan Pakistan haifaffen Dhaka ne, Albert Moses da ya fito a Ranjeet ɗan Indiya shi ɗan Siri Lanka ne, Pik-Sen Lim kuma, wadda ta fito a Su-Lee 'yar Sin, a Penang ta Malesiya aka haife ta.

Auwalu Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena. Saura maganar zango na huɗu. Idan LWT ta wanke hannunta a 1979, wane ne ya dawo da shi, kuma ina Ali ya shiga?

Malam Sabo Tudun Wada ya amsa:

Abin da Hajiya Talatu ta bayyana shi ne ya dawo da shi. Shirin ya mutu a gida, amma tashoshin ƙasashen waje ba su daina saye ba, sai aka ga akwai kasuwa ko da Landan ba ta so. A tsakiyar shekarun 1980 wani kamfani mai zaman kansa, TRI Films, ya shirya sababbin kashi 13, kuma Albert Moses, wato Ranjeet, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin. Tun farko da masu kallon ƙetare aka yi niyya.

A Birtaniya kuwa wannan zango bai sami abin da na baya suka samu ba, wato a haska shi a duk faɗin ƙasa a dare ɗaya da lokaci ɗaya. Tunda ba ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ITV ne ya shirya shi ba, kowane yanki ya yi gaban kansa. Daga ƙarshen 1985 zuwa 1986 da bayanta, wasu irin su Granada sun nuna shi duka, wasu sun nuna kaɗan sun bari, wasu ba su taɓa shi ba. Shi ya sa za ka haɗu da Baturen da ya kalli shirin tun farko, ya rantse maka cewa zango uku ne kawai.

Barry Evans da Zara Nutley sun dawo, haka Giovanni, Juan, Anna, Ranjeet da Ingrid. Ali bai dawo ba domin Dino Shafeek ya rasu a 1984, kuma a shekarar ce Tommy Godfrey, wanda ya fito a Sid mai kula da makaranta, shi ma ya rasu. Danielle, Su-Lee, Taro, Jamila da Max duk babu su. Sai aka cike gurbi da sababbin fuskoki masu kama da na da: wani ɗan Pakistan mai suna Farrukh, wata Bafaranshiya, wani ɗan Sin, da Maria wadda aka ce 'yar'uwar Max ce. A ganina nan ne zangon ya yi rauni, domin rigimar Ali da Ranjeet ita ce gishirin ajin, kuma ba a ɗauko wani a ce ya gaje ta. Ƙarancin kuɗin da aka kashe ma yana bayyana a hoton da kayan ɗakin.

Game da faya-fayan, bambancin mallaka ne. Zango uku na farko suna cikin taskar LWT, wadda Granada ta saya a 1994, daga baya kuma ta shiga hannun kamfanin ITV da aka haɗe a 2004, don haka akwai mai su da zai ba da izini a buga. Na huɗu ba ya cikin wannan taska, shi ya sa kunshin faifan da aka fitar a hukumance yake tsayawa a kashi na 29.

Shi kuwa Barry Evans, wannan zango yana cikin ayyukansa na ƙarshe a talabijin. Fuskarsa ta ƙuruciya da ta ɗaukaka shi ita ce ta hana a ba shi matsayin dattijo, ayyuka suka yi masa ƙaranci, ya koma tuƙin tasi a yankin Leicestershire, inda ya rasu a watan Fabrairu 1997.