Zama a gungun Yauri: wanda ya zauna ko ya yi noma a can ya faɗa mana

Ɗan Fansho:
Assalamu alaikum jama'a. Ina gab da ajiye aiki a Birnin Kebbi, sai wani abokin aikina ɗan ƙasar Yauri ya yi mini tayin gona a gungunsu, can cikin ruwa, kudu da Yelwa ta wajen Ngaski. Ya kai ni na gani a watan Yuni. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ƙasa baƙa mai laushi, ga ruwa a gefe, kuɗin kuma da sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da fadamar Argungu. Niyyata in yi shinkafa da albasa, in gina ɗaki biyu, in riƙa zama can, mai ɗakina ta riƙa zuwa tana komawa. Don Allah wanda ya zauna a gungu, ko ya yi noma, ko yana tsallakawa, ya faɗa mini abin da idonsa ya gani. Ji-ta-ji-ta na sha ta.

Ɗan Gungu:
Wa alaikumus salam, Baba. A watan Yuni ka ce ka gani? To kada ka ba da ko sisi sai ka koma a Nuwamba ko Disamba ka tsaya a daidai inda ka tsaya.

Ruwanmu ba ya bin lissafin da kuka saba da shi a tudu. Ku a wurinku ruwa yana cika da damina, ya janye da rani. Mu tafkin Kainji ke juya mu. Kogin Kwara sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar nan kusa, mai laka, wanda ke tasowa daga Agusta zuwa Oktoba. Sai baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi ta jinkiri a fadamun Mali, ba ya iso mu sai cikin hunturu. Shi ya sa lokacin sanyi, ana hazo, ciyawar tudu ta bushe ƙarau, mu a nan ruwa cike yake maƙil. Daga nan madatsa ta yi ta sha don ba da wuta, ruwa yana ja da baya har farkon damina. Yuni da Yuli su ne lokacin da ya fi janyewa. Filin da ka gani shimfiɗe yana iya zama wanda nake bi ta kansa da kwale-kwale a Janairu.

Ba ina cewa abokinka cutarka zai yi ba. Irin wannan fili muna nomansa, yana kuma ba da amfani sosai saboda lakar da ruwa ke bari. Sai dai noman tsere ne: ka shuka da ruwa ya ja, ka girbe kafin ya dawo. Shekarar da ya dawo da wuri, kamar 2020 da ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi, mun yanke abin da muka samu muna tsaye cikin ruwa har ƙugu, saura ya tafi. Ɗaki kuwa ba a gina shi a can ko kusa.

Mai Albasa:
Alhaji, ni baƙo ne a gungu, daga Aliero na je. Haya na fara kama, har yau kuma ita nake yi, ban yi nadama ba. Albasar gungu tana da kyau, Gungawa sun daɗe da sanin ta tun kafin madatsa.

Akwai wani baƙo da muka zo kusan lokaci guda, shi saye ya yi. Ya biya mutum ɗaya, suka rubuta takarda su biyu da shaida ɗaya. Ashe gonar gandu ce, gadon da ba a raba ba. Da ƙannen mai sayarwar suka dawo daga cin-rani, da wata 'yar'uwarsu da ke aure a tsallake, suka ce ba su san zancen ba. A gaban mai gari aka zauna, ni ma ina wurin. Aka mayar masa da kuɗinsa kaɗan-kaɗan, shekarar noma ta wuce shi, injin ban-ruwan da ya sayo yana jingine a ɗakin wani. Ba wanda ya zage shi, amma bai sake dawowa ba.

Tsohon Ma'aikacin Filaye:
Na yi aiki a sashen filaye na wata ƙaramar hukuma da ke bakin kogin nan, irin wannan ƙara ta sha zuwa teburina. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, filin karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakarsa ta gargajiya. Takardar ciniki tsakaninka da mai gona kaɗai ba ta wadatar. Ka nemi dukkan magada su sa hannu, mata da maza, mai gari da hakimi su shaida, maƙwabtan gonar su zagaya iyaka tare da kai, sannan ka kai ƙaramar hukuma. Ka kuma sani cewa dokar hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta ba ta iko da mita 100 daga gaɓar manyan koguna irin Kwara. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne iyakar da ruwa ya share. Mutum ya ce gonarsa ta tsaya a wata bishiya, bishiyar kuma ruwa ya tafi da ita shekaru biyu da suka wuce.

Ɗan Gungu:
Bari in ƙara wani abu, Baba, don ka fahimci mutanen da za ka zauna cikinsu. Lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, mutum kimanin 44,000 aka tayar daga garuruwansu. Kakana yana cikinsu. Gungun da aka haife shi, da gonakin albasarsu, da kushewar iyayensa, duk suna ƙarƙashin tafkin nan. An gina musu gidajen siminti a tudu, wasu suka zauna, wasu suka kasa, suka koma sauran tudun da ruwa bai rufe ba. Har ya rasu, idan muka bi ta wani wuri a jirgi sai ya nuna ruwa ya ce nan ne ƙofar gidansu. Mutanen da ƙasarsu ta taɓa salwanta haka ba sa sakin wadda ta rage cikin sauƙi. Za su ba ka aro da zuciya ɗaya, su ba ka masauki, su ciyar da kai. Amma kalmar saye tana tayar da hankalin dattawa, ko da saurayin gidan ya matsu da kuɗi. Kuma abin da ke ci mini rai: wutar da aka nutsar da garinmu dominta, har yau ba ta shigo gungunmu ba.

Ɗan Fansho:
Allah ya jiƙan kaka, ya saka muku da alheri. Zan koma a Disamba in Allah ya so. Ina jiran mata su yi magana, domin mai ɗakina tana da hawan jini.

Uwar Sadiya:
Baba, tunda ka ambaci hawan jini, zan faɗa maka gaskiya ba ɓoyo. Na yi aure a gungu, can na haifi 'ya'yana na fari. Da rana komai da sauƙi. Dare ne abin tsoro. Naƙudar 'yata ta biyu da tsakar dare ta zo, ungozoma ta yi iya yinta, ta ce a tsallaka da ni. Mai jirgin inji ba shi da mai a daren nan. Aka bi gida-gida ana tara fetur a kwalba, iska kuma ta taso, sai aka jira ta lafa. Ina kwance a cikin jirgi a kan tabarma, surukata tana riƙe da kaina tana salati, ƙanin mijina yana haska tocila a gaba saboda kututture. Da muka kai gaɓa kuma sai neman babur zuwa asibiti. Allah ya raya ni da yarinyar. Maƙwabciyata da irin haka ta same ta bayan shekara guda, a cikin jirgin ta cika.

Ban faɗi wannan don in ɓata garin ba. Matan gungu sun riƙe ni kamar 'yar cikinsu. Su suka koya mini bandar kifi, da ita na sayi akuyoyina na farko. Ba ka kwana da yunwa a can, ga kifi, ga shinkafa, ga masara. Amma Hajiya kada ta kwana can sai da maganinta na wata guda a jaka, da jarkar fetur da aka ajiye domin ta kaɗai, wadda ba a taɓawa ko injin ban-ruwa ya tsaya. Ku kuma san mai jirgin da za a buga wa ƙofa. Idan ba za a iya wannan ba, ta zauna Yelwa, kai ka riƙa tsallakowa.

Basarken Kwata:
Alhaji, ni tuƙin jirgi na gada, shi nike ci shi nike sha. Abin da ka kashe mutane ga ruwan ga ukku ne: lodi, dare, da kututture. Itacen da ruwa ya rufe tun zamanin madatsa har yau suna nan tsaye ƙasa. In ruwa ya cika sai ka bi ta kansu lafiya lau, in ya fara ja sai su taso dab da sama, ba ka ganinsu. Wanda bai san hanya ba shi ka hawa kansu. Sai iskar farkon damina, Afrilu zuwa Yuni. Hadari na haɗowa gabas, kafin ka kai tsakiya igiyar ruwa ta tashi. In ka ga matuƙi ya dubi sama ya ce a dakata, kada ka matsa mai don kana sauri.

Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin da ya taso Lokon Minna za shi Wara ya tsage tsakiyar ruwa da mutum sama da 150, waɗanda anka ceto da rai kimanin 20 ne. Ina cikin waɗanda sunka fita neman gawa. Abin da na gani ranar nan ba ni son maimaita shi. Tun daga nan ba ni ɗaukar babura bisa kan mutane, kowa ya ji haushi ya ji.

Hukuma ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa rigar ruwa, HYPPADEC, hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, ma ta rarraba wasu. Amma ba su isa ba, wasu fasinjoji kuma sai su ce zafi, su zauna bisa kanta. Ka sayi taka da ta Hajiya. Ranar kasuwa kada ka shiga jirgin ƙarshe na marece, shi ka ɗaukar duk wanda ya rage da kayanshi. Kuɗin tsallakawa kuwa tun da anka cire tallafin mai a 2023 ya hau, mu ma ba son ranmu ba ne.

Malamin Firamare:
Jama'a kun cika tsoratar da Baba. An tura ni koyarwa a gungu ina ƙin zuwa, da aka zo mayar da ni tudu kuma ni na roƙi a bar ni. Ban taɓa kulle ɗakina ba. Da asuba masunta na dawowa, yara su kawo mini karfasa ko ragon ruwa ba tare da na tambaya ba. Lokacin warangi, ƙananan kifin nan, gari duk ya cika da shanya. Ƙaramin faranti na sola ya ishe ni fitila da cajin waya, sabis kuma akwai tudun da kowa ya san ana samu a kansa.

Abubuwa biyu ne suka dame ni. Na farko tsargiya. Yara da yawa a ajina suna fitsarin jini, iyaye kuma sun ɗauke shi kamar ba ciwo ba, alhali daga wanka da wasa a ruwan gaɓa ake ɗauka, maganinta kuma yana nan. Kai ma kada ka riƙa shiga ruwan da ke kwance, ka tafasa na sha, ka tafi da gidan sauro. Na biyu, yaron da ya gama aji shida sai ya tsallaka kafin ya ci gaba, 'yan mata da yawa a nan karatunsu ke tsayawa. Mutum mai ilimi irinka idan ya zauna cikinsu, ko da karatun yamma ya buɗe, zai ga yadda za su karɓe shi. Wannan zai ba ka gindin zama fiye da kowace takardar fili.

Matafiyiya:
Ni ziyara kawai nake zuwa, wurin ƙanwar mahaifiyata. Daga Birnin Kebbi ta Jega da Koko ake bi a sauka Yelwa, wanda ya taso daga Minna ko Kaduna kuma ta Kontagora. Tun sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021 ba na kama hanyar nan sai na kira an faɗa mini halin da ake ciki, kuma da safe nake tashi. Ka riƙe kuɗi a hannu, don mai POS sai a gaɓa. Babu masaukin baƙi a gungu, gidan mutane ake sauka, saboda haka ka fara gaida mai gari, ka riƙo goro da sukari da sabulu. Wanda yake son ya ga ruwan kawai ba zama ba, ya zo lokacin bikin Rigata na Yauri, ya ga tseren jirage da gwanintar masu ninkaya.

Mai Albasa:
Na manta ban faɗi dorina ba. Idan shinkafa ta fara ɗaukar ciki, sai an kwana a gona da wuta da gwangwani, domin dare ɗaya tana iya share abin da ka yi wata biyu kana wahala a kai. Ba a tunkararta, musamman mai ɗa, ba a kuma kashe ta sai da izinin hukuma. Ka sa kuɗin mai gadi cikin lissafinka tun yanzu.

Haka kuɗin jirgi. Taki, iri, fetur, duk sai sun tsallaka, kowane buhu da kuɗinsa, da na masu ɗora shi da masu sauke shi. Albasa ma haka za ta fita, ita kuwa ba ta son jiƙa, ruwa kaɗan a cikin jirgi ya isa ya ruɓar da buhun ƙasa. Ni katako nake shimfiɗawa kafin a jera, in rufe da leda. Arhar gonar da ka gani, wani ɓangarenta a kwata za ka biya shi. Ka roƙi abokinka ya ba ka hayar shekara ɗaya tukuna, idan ya yarda ka neme ni, in nuna maka mai jirgin da nake ba kayana.