Wane littafin tarihin yaƙi ya kamata in fara saya?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum malamai. Ina son shiga karatun tarihin yaƙe-yaƙe da dabarun yaƙi, kuɗina kuwa ba su wuce na littafi biyu ba. An ce in fara da littafin Sun Tzu, masanin dabarun yaƙi na tsohuwar ƙasar Sin. Me kuka gani?

Malamin tarihi, Gwandu:
Wa alaikumus salam. Littafin Sun Tzu babi 13 ne kacal, a zama biyu ka gama shi, amma wanda bai san yaƙi ko ɗaya daki-daki ba, kamar karin magana zai ji shi. Fara da ƙasar da ƙafarka ta taka. Nemi Warfare in the Sokoto Caliphate na Joseph Smaldone, bugun 1977. Ya yi bayanin dawaki da lifidi, 'yan baka, ribaɗi (garuruwan tsaron iyaka), da yadda bindiga ta sauya tsarin rundunonin sarakuna. Ka haɗa da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, domin da Bello aka yi yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, da shi kuma aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808.

Dattijo, Argungu:
Haka ne, malam. Sai dai yaro ya sani, Bello ɓangarensu na masu jihadi ya rubuta. An ci Birnin Kebbi a 1805, amma Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a 1849, kuma daga nan Argungu ba ta faɗi ba har zuwan Turawa. Littafin da ya tsallake wannan, rabin labari ya ba ka. Ka leƙa gidan tarihi na Kanta a nan Argungu, ka je Surame, tsohon birnin Kanta, ka ga ganuwa da idonka.

Tsohon soja, Gusau:
Ɗan'uwa, kafin ka biya, buɗe tsakiyar littafin. Akwai taswira? In babu, ajiye shi. Sannan duba adadin mayaƙa: in marubuci ya jefa dubu hamsin bai faɗi inda ya samo ba, kirari ne. Abin da na fi dubawa shi ne guzuri. Me doki ke ci, ina ruwa, da rani aka fita ko da damina? Yunwa da ƙishirwa sun watsa rundunar da mashi bai taɓa ba, amma marubuta da yawa sunayen jarumai kawai suke jerawa. Hattara da bugun sata, taswirarsa baƙi ƙirin take fitowa, wani lokaci shafuka a tsallake. Littafin Clausewitz, Bajamushen masanin yaƙi, kuwa bar shi sai daga baya, sannan ka nemi fassarar Turanci ta Howard da Paret ta 1976, ka maimaita babin farko sau biyu kafin ka wuce.