Akwai na'urar da ke gargaɗi kafin farfaɗiya ta tashi?

Assalamu alaikum. Don Allah likitocin ƙwaƙwalwa da masu jinyar mai farfaɗiya, ku taimaka mini.

'Yata shekararta 11, shekara 4 ke nan tana shan maganin farfaɗiya mai suna carbamazepine, amma duk wata sai ta faɗi. Makon jiya a gindin murhu abin ya same ta, tana riƙe da ludayi, ta ƙone a hannu. Da na sani minti biyu kafin abin ya faru, da na janye ta.

An yi mata gwajin EEG, wato na auna lantarkin ƙwaƙwalwa, aka manna mata wayoyi a kai na kusan rabin awa, aka ce ba a ga komai ba, wai haka yakan faru idan ciwon bai motsa ba lokacin gwajin.

Na karanta a wani bincike da aka wallafa a 2013 cewa a Melbon ta Ostireliya, an dasa wa mutum 15 na'urar da ke sauraron lantarkin ƙwaƙwalwa dare da rana, tana kunna jar fitila idan haɗari ya kusa. Wasu ta yi musu aiki sosai, wasu kuma a'a, kuma sai da tiyata. Agogon Embrace kuwa, da Amurka ta amince da shi a 2018, sai jijjiga ta fara yake sanar da iyaye.

A nan na maƙale. Akwai wadda ake sawa a kai ba tare da tiyata ba, wadda ke gargaɗi tun kafin faɗuwa? In babu, EEG na kwana guda zai taimaka wa likita ya gyara mata magani? Mahaifinta na shirin sayar da fili saboda agogon, ni kuma hankalina bai kwanta ba.