Baƙo a Zaure: Musayar Waƙa kan Jijiya da Tsoka

Marinin Ƙofar Mata:
Tambaya gare ku, ya masana,
Hannuna a baba tun fitowar rana,
Kafin in ce "ɗaga", ya ɗago zanena,
Wa ke kai wa tsoka umarnina?

'Yar Gwammaja, ɗalibar likitanci:
Baba marini, sannu da aiki,
Jijiyar saƙo ce, ba ta jinin jiki,
Lantarki ke bin ta, gudu ba birki,
Har mita 120 a daƙiƙa, abin mamaki.

Amma fa ba ta taɓa tsokar ba,
Baƙo ne a zaure, bai shiga ciki ba,
Rata ce tsakani, ido bai gan ta ba,
Nanomita (awon mitsitsin abu) wajen 50, bai haye ta ba.

Malam Na-Dala:
'Yata, kin bar mu tsaye a zaure,
Ko tsalle yake, katanga ya haure?

'Yar Gwammaja:
Yaro yake aikawa, Malam, ba tsalle ba,
Bai aike ba in sinadarin kalsiyam bai shigo ba,
Jakunkunan bakin jijiya su zazzage,
Yaron, sinadarin asitilkolin, ya fito ya haye a guje,
Ƙofofin tsoka ya taɓa su wage,
Sodiyam ya kwararo, tsoka ta ɗage.

Masanin kimiyya Otto Loewi ya gano sawun yaron nan,
A 1921, da zuciyar kwaɗi biyun nan,
Ruwan guda ya ɗiba ya zuba wa ɗayan,
Sai bugunta ya lafa kamar na waccan.

Ɗan Kasuwar Rimi:
(Ni ba mawaƙi ba ne, a yi haƙuri da baitina.)
Yaya, in yaron ya ƙi fita fa?
Tsokar ta ƙage ke nan, ko yaya fa?

'Yar Gwammaja:
Akwai mai korarsa, ba ya barci,
Sinadari ne, aikinsa yanka da sauri,
Fiya-fiya shi take ɗaurewa da ƙarfi,
Yara su cika gida, ba mai tsari,
Yawu ya zuba, jiki ya ɗau ɓari,
Numfashi ya sarƙe, sai asibiti da sauri.
Dafin gamsheƙa kuwa ƙofar yake toshewa,
Yaro na sallama, ba mai amsawa.

Marinin Ƙofar Mata:
Allah ya yi albarka, 'yata, na gane,
Kwalbar fiya-fiyar ƙarƙashin gadona ne,
Yau zan ɗauke ta kafin jikoki su gane,
Bari in koma, baba na jiran zane.